Kon ɗin takarda, roba ko alminiyom: wace sifika ce ta dace da falo?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, ka ce kana son sifiku biyu na falo don jin karatu da kiɗa da kallon ƙwallo, ka shiga kasuwa mai shago ya jera maka kala uku, ɗaya kon ɗinta, wato mazurarin nan na gabanta da ke kaɗawa ya fitar da sauti, baƙar takarda, ɗaya fari mai ƙyalli wai alminiyom, ɗaya kuma ruwan ɗorawa mai saƙa wai Kevlar, ya ce maka ta takardar tsohon yayi ce ta masu ƙaramin ƙarfi, shi ne kake tambaya wane abu ne ya fi dacewa a yi kon da shi, kuma ko ya kamata ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai ƙyallin.

Kar ka ƙara ko kwabo saboda launin kon. Na daɗe ina buɗe cikin sifiku, ina naɗa koyil ina canza kon, kuma abin da ya fi ɓata min rai a harkar nan shi ne yadda ake sayar wa mutane fuskar sifika alhali aikin yana bayanta inda ido baya kaiwa. Amma bari in warware maka dalili, don in ka gane shi ba mai shagon da zai ƙara juya ka.

Ita sifikar da muke amfani da ita yau tsarinta bai canza ba tun 1925, lokacin da wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fitar da bayanin aikinsu. Maganaɗisu a baya da wani siririn rami zagaye a tsakiyarsa, koyil, wato naɗin wayar kofa (jan ƙarfe), yana rataye cikin ramin baya taɓa ko'ina, an manne shi da gindin kon, sai sifaida wato wannan ƙyallen mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke riƙe koyil a tsakiya, sai roba ko soson da ya zagaye bakin kon ya haɗa shi da firam. Wuta ta fito daga amfilifaya ta shiga koyil, koyil ya yi gaba ya yi baya, ya ja kon, kon ya tura iska, iska ta zo kunnenka. Shikenan. Kuma kon ɗin Rice da Kellogg na takarda ne, yau shekara ɗari kenan ana neman abin da zai kore ta daga kasuwa ba a samu ba.

Abu uku ake nema a jikin kon kuma ukun nan basa ga maciji da juna. Ana so ya zama marar nauyi don koyil ya iya jefa shi gaba da baya sau dubbai a sakan ɗaya, ana so ya zama mai tauri kar ya lanƙwashe, sannan ana so ya zama bebe, wato da an daina kaɗa shi ya yi shiru nan take kar ya cigaba da waƙar kansa. Shiga kicin ka ɗauki tasa ka ƙwanƙwasa da farce za ka ji "tinnn" tana ja, ka ɗauki ƙwarya ka ƙwanƙwasa za ka ji "ƙwas" ta mutu, ka ɗauki faifai ba abin da za ka ji sai ɗan "faf". Tasa tana da tauri amma bata iya shiru ba, faifai ya iya shiru amma lanƙwashewa yake. Duk rigimar da injiniyoyi suke yi kan takarda da roba da ƙarfe, neman wurin zama ne tsakanin tasa da faifai. Mai kalangu so yake fatarsa ta yi magana da muryarta shi ya sa yake matsa ta a hammata yana sassautawa, amma kon ɗin sifika in ya yi magana da muryarsa to ya ɓata aiki, tunda an ɗauke shi ne ya maimaita abin da aka ba shi ba ƙari ba ragi.

To ga inda matsalar take. Hz ɗin nan da kake gani a jikin kwali yana nufin sau nawa kon ya je ya dawo a sakan ɗaya. A sautin ƙasa wato bes, kamar 60 Hz, kowane kon ko da me aka yi shi gaba ɗayansa yake tafiya tare, kamar tafin hannu yana tura ƙofa. Amma da sauti ya yi sama, 2,000, 4,000, 6,000, sai koyil ya riƙa juyawa da saurin da kafin labari ya kai bakin kon cewa a yi gaba, tsakiya ta riga ta juya baya. Kamar ka kama gefen tabarma ka kaɗe ta, hannunka ya riga ya sauka amma motsin yana can yana tafiya zuwa ɗaya gefen. Daga nan kon ya daina zama abu ɗaya, wani yanki yana gaba wani yana baya, wasu sautukan su yi ƙarfi fiye da kima wasu su ɓace. Ni ɓallewa nake kiran wannan. Babu kon ɗin da baya ɓallewa a duniya ko da na lu'ulu'u ne, bambancin kawai a ina yake ɓallewa, kuma in ya ɓalle da hayaniya yake yi ko a hankali.

Takarda da wuri take fara ɓallewa amma a hankali take yi, saboda zaruruwan cikinta suna gogar juna suna shanye motsin, shi ya sa kuskurenta baya cizon kunne. Kuma fa ba takardar littafin makaranta ba ce, kunun itace ne ake damawa a zuba a mazubi a matse, kowane kamfani da haɗinsa, wani ya sa auduga wani ya sa gashin tumaki wani zaren kabon, kamfanin Fostex na Japan har da zaren ayaba da na rama yake sakawa, eh ramar nan dai tamu da ake kwaɗo da ganyenta ake igiya da ɓawonta. Scan-Speak na ƙasar Denmak, waɗanda direbobinsu, wato sifikun da ake ɗaurawa a jikin akwatin, suna cikin masu tsada, a jerin Revelator kon ɗin takarda suke yi sannan su tsattsaga shi da gangan su cike tsagar da wani gam mai laushi, don motsin da ke zagaya kon ya iske gam ɗin ya mutu. Wannan ba kayan masu ƙaramin ƙarfi ba ne.

Akwai kuma Yamaha NS-10M da ta fito a 1978, mai farin kon, wadda ta cika situdiyoyin haɗa waƙa na duniya shekara da shekaru. Kon ɗin nan fallen takarda ne aka naɗe aka manne, har layin manni kana gani. Ba don zaƙin sauti aka so ta ba, gaskiya tana da tsini a tsakiya, an so ta ne don tana tsayawa cak in sauti ya tsaya kuma bata ɓoye aibin aiki. Da Yamaha suka daina yinta a 2001 dalilin da suka bayar shi ne irin kunun itacen da suke yin kon ɗin da shi ya daina samuwa. Kaga kenan ita kanta takardar sana'a ce.

Aibin takarda biyu ne, tana shan danshi in ba a shafe ta da wani abu ba, sannan da wuya ka yi guda dubu su fito iri ɗaya sak. Wannan na biyun ne ya dami BBC a Ingila, don su suna so injiniyan da ke Landan da wanda ke cikin motar ɗaukar shiri a wani gari su ji abu ɗaya. Shi ne sashen bincikensu ya koma kan roba, aka fara da wata da ake kira Bextrene a shekarun 1960, ita ce a jikin direban KEF B110 da ke cikin ƙaramar sifikar nan LS3/5A wadda har gobe masu son murya suke nema. Amma Bextrene sai an lafta mata wani shafi mai kauri kafin ta yi shiru, sai ta yi nauyi ta riƙa cin wuta. Daga baya Dudley Harwood, shi ma injiniyan BBC ne, ya kawo folifurofilin, ya bar aiki ya kafa kamfanin Harbeth a 1977. Folifurofilin ɗin nan dangin robar kujerun biki ce da bokiti, ta fi ruwa rashin nauyi, bata san damina ba, kuma bebiya ce da kanta ba sai an shafa mata komai ba. Rauninta laushi, shi ya sa ake cuɗa ta da garin ma'adinai don ta ƙara tauri, kuma gam baya son kama ta, duk mai gyara ya san wahalar manna mata sabuwar robar baki. In an yi ta da kyau murya tana fita sumul, in an yi ta da arha kuma sai ka ji kamar an rufa wa sifikar bargo.

Yanzu mu zo kan mai ƙyallin da ta ɗauki hankalinka. Alminiyom na gaske abu ne mai kyau, ba na musun wannan. Sauti yana gudu cikin iska kamar mita 343 a sakan, cikin alminiyom kuma wajen mita 5,000, saboda haka labari yana saurin kaiwa bakin kon, sai ya daɗe yana tafiya a matsayin abu ɗaya har sama sosai, a wannan yankin ya fi takarda tsafta ba gardama. Amma tasa ce fa. Ranar da ya ɓalle, wanda a kon mai inci 6.5 yawanci tsakanin 5,000 ne da 8,000 Hz, ba a hankali yake yi ba, wani tsini ne yake tashi da zai iya haura 10 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, sama da sauran sautin, kuma yana ja bayan sauti ya wuce. Kamfanonin da suka san aikinsu, irin SEAS na Nowe masu kon ɗin magniziyom, sun san da haka, ba sa ɓoyewa, yana nan a takardar awon da suke fitarwa, kuma duk wanda zai yi akwati da irin wannan direba dole ya gina kurosoba, wato ɗan allon cikin akwati da ke raba wa kowace direba nata sautin, mai yanke sauti da wuri kuma da kaifi, sau da yawa har da wani tarko na koyil da kafasita da aka auna daidai kan wannan tsinin don a danne shi.

Kuma ko an danne akwai sauran rina a kaba. Injin sifika, ina nufin maganaɗisu da koyil, yana ɗan gurɓata sauti ko yaya, in ka ba shi 2,000 Hz yana haifo ɗan 4,000 da ɗan 6,000 waɗanda babu su a cikin waƙar, kuma wannan haihuwar a cikin direban take faruwa bayan wuta ta riga ta wuce kurosoba, to kurosoba bata da yadda za ta tare su. In kon ɗin a 6,000 yake ƙara sai ya ɗauki wannan ɗan gurɓatan ya ɗaga shi sama. Shi ya sa masu hankali suke sallamar kon ɗin ƙarfe tun ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na inda yake ɓallewa, su miƙa wa tuwita, wato ƙaramar direbar sautin sama, sauran aikin, ita kuma tuwitar da za ta iya saukowa ƙasa haka ba ta arha ba ce. Kaga kuɗi yana jan kuɗi. Kon ɗin alminiyom alƙawari ne cewa an kashe kuɗi a bayansa, in ba a kashe ba to gara takarda sau goma.

An taɓa kawo min wasu sifiku masu kyan gani, mai su yana kukan in ya ji karatu na minti ashirin sai kansa ya fara ciwo, harafin sin da shin suna fita kamar ana yaga leda. Da na kwance wufar, wato babbar direbar sautin ƙasa, na leƙa ciki, wallahi ba kurosoba ko ɗaya, waya ce ta taho kai tsaye daga baya zuwa wufa, sai ƙaramin kafasita guda ɗaya tal da aka rataya wa tuwita don kar ta ƙone. Wato duk tsinin nan na ƙarfe yana fita yadda yake ba mai tare shi. Koyil ɗaya da kafasita biyu da rezista na ƙara masa bayan na auna, mutumin ya ɗauka direbobin na canza. Kuma wannan ma sa'a aka yi alminiyom ne na gaske, da yawan masu ƙyallin da ke kasuwa roba ce aka fesa wa fenti ruwan azurfa. Ka taɓa da bayan yatsa, ƙarfe yana da sanyi, ka ɗan ƙwanƙwasa a hankali za ka ji bambanci.

Ita kuma Kevlar, zare ne da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, shi ake rigar sulke da shi, kuma Bowers & Wilkins na Ingila ne suka shahara da saka shi a sifika tun shekarun 1970. Hikimar ba wai don harsashi baya huda shi ba ce, kon ba yaƙi zai je ba. Hikimar tana cikin saƙar, don saƙaƙƙen abu ya fi tauri ta bin zare a kan ta karkace, ka ja zani ta tsawo sannan ka ja shi ta kusurwa za ka gane, saboda haka motsin baya isa bakin kon lokaci ɗaya ta kowane gefe balle ya dawo ya haɗu ya yi ƙara ɗaya mai ƙarfi. Dabara ce mai kyau, amma shi ma yana da nasa tsinin da sai an kula da shi, kuma su kansu Bowers & Wilkins a 2015 sun sauke shi daga manyan sifikunsu sun koma wata saƙar da suka kira Continuum. Ruwan ɗorawan da za ka gani a akwati mai araha kuwa, yawanci zaren gilas ne aka rina, wani ma roba ce aka buga wa zanen saƙa.

A tuwita ne maganar kayan tsada take da ɗan ma'ana, tunda ita sai ta kai 20,000 Hz. Taitaniyom ya fi alminiyom tauri amma ya fi shi nauyi, in girmansu ɗaya da ruwa shi ya ninka nauyin ruwan sau 4.5 alminiyom kuma sau 2.7, sai abin ya tashi kusan canjaras, gudun sauti cikinsu kusan ɗaya ne. Beriliyom ne ya fita daban, nauyinsa 1.85 kuma sauti yana gudu cikinsa sama da mita 12,000 a sakan, Yamaha sun yi amfani da shi tun 1974 a NS-1000M, Focal na Faransa ma da shi suke manyan tuwitocinsu, sai dai ƙurarsa guba ce ga huhu, in ta fashe ba a gogewa ba a hurawa. Bowers & Wilkins har na lu'ulu'un da ake haɗawa a masana'anta suka yi a 2005, wanda sai wajen 70,000 Hz yake ɓallewa. Amma ka tuna tuwitar alminiyom ta kirki mai milimita 25 ita ma sai ta haura 20,000 take ɓallewa, kuma kunnen da ke jin 20,000 na yaro ne, wanda ya kai arba'in ya sha ƙarar janareto da hon ɗin titi ya daɗe da rabuwa da wajen. Don falo, tuwitar ƙyalle mai laushi wadda ake ce wa siliki ta wadatar, kuma ta fi yafiya in rikodin ɗin bai da kyau, wanda yawancin abin da muke ji daga waya haka yake. Wadda nake so ka guje wa ita ce tuwitar fiyezo, wannan baƙar robar mai kamar bakin kakaki marar maganaɗisu a baya, ta sifikar talla ce a kasuwa ba ta ɗaki ba.

Akwai abin da ya fi kayan kon tasiri a kunnenka kuma ba wanda yake maganarsa a shago, wato faɗin kon. Sautin 1,000 Hz tsawon zangonsa kamar santimita 34 ne, na 3,000 kuma wajen 11. Da zarar zangon ya gajarce ya kusa faɗin kon sai sifika ta daina watsa sauti ko'ina ta koma haska shi gaba kamar tocila. Wufa mai inci 6.5 tana fara haka daga wajen 2,000 Hz, daidai inda tuwita za ta karɓa, shi ya sa wannan haɗin ya zama ruwan dare. Amma wufa mai inci 12 tun ƙasa da 1,000 ta fara tsukewa, to in aka haɗa ta da tuwita kawai ba ƙaramar sifikar tsakiya, sai a bar rami daidai inda muryar mutum take. Mu kuma falonmu ba kujera ɗaya ake sawa a tsakiya ba, wani yana kan doguwar kujera wani yana gefe yara suna ƙasa kan kafet, saboda haka wanda ke gefe zai ji dum dum da tsit tsit amma maganar ta shige ciki.

Sai injin. Sifikar gida ko kashi 1 cikin 100 na wutar da ake bata da kyar take mayarwa sauti, sauran duk zafi ne a jikin koyil. Wayar kofa kuma duk digiri ɗaya da ta ƙara zafi juriyarta ga wuta tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100, in koyil ya ƙara digiri 100 ta ƙaru da wajen kashi 40 kenan, sai ka ga kana ƙara murya amma sauti baya ƙaruwa, kuma awon kurosoba duk ya goce. Direban kirki yana da hanyar shan iska a bayansa, yana da koyil mai tsawon da zai yi tafiya bai fita daga ramin maganaɗisu ba, don duk lokacin da ka sauko rabi a sauti, daga 80 zuwa 40 Hz misali, sai kon ya yi tafiya ninki huɗu kafin ya ba da ƙarfi ɗaya. Masu kyau sosai suna da zoben kofa a cikin injin wanda ke rage gurɓatan nan da na faɗa maka. Duk wannan ba a ganinsa daga gaba. Girman maganaɗisu ma kar ya ruɗe ka, akwai masu rufa masa ƙatuwar hular roba. Da can alniko ake amfani da shi, wani maganaɗisu mai ƙarfen kobal a cikinsa, sai rikicin Kolwezi na ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu inda ake haƙo kobal, a 1978 ya sa kobal ya yi tsada, kamfanoni irin JBL suka koma ferait, baƙin nan mai nauyi da muka saba gani. Maganaɗisun niyodimiyom ƙarami ne mai ƙarfin gaske amma na gama-gari baya son zafin da ya wuce digiri 80, ferait ya fi shi haƙuri da yanayinmu.

Yanayin namu kuwa dole a sa shi a lissafi. Abin da ya fi mutuwa a sifika a nan ba kon ba ne, bakinsa ne. Soso yana ruɓewa, zafi da danshin damina suna gaggauta masa, za ka ga sifikar tokumbo mai suna mai kyau ka taɓa bakin ya zube kamar garin biskit. Bakin roba ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu kuma in hular tsakiyar kon ta huje tana shiga ramin koyil, maganaɗisu ya riƙe duk wani ɗan ƙarfe-ƙarfe da ke cikinta, sai ka fara jin ƙar ƙar. Rana ta taga tana busar da roba tana gasa folifurofilin har ya yi gautsi. Tsofaffin tuwitoci da yawa akwai wani ruwan maganaɗisu a cikinsu mai sanyaya koyil, in ya bushe sai sautin sama ya dushe, mutum ya ɗauka haka aka yi ta. In ka sayi tokumbo mai ruɓaɓɓen baki ka sa a canza bakin kawai a bar maka kon ɗinka na asali, kar ka yarda a cire shi a sa maka kowane kon da aka samu mai faɗi ɗaya, don nauyin kon da laushin sifaida da girman akwati lissafi ɗaya ne, shi ne lissafin da Neville Thiele na Ostireliya ya fitar a 1961 Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, ka canza ɗaya ka rushe sauran.

Da ni ne da kuɗinka a hannu, sifika mai hanya biyu zan nema, wato wufa da tuwita, wufa inci 6.5 ta takarda mai shafi ko folifurofilin, bakin roba, tuwitar ƙyalle, akwati mai nauyi wanda in ka ƙwanƙwasa gefensa baya amsawa kamar ganga. Ka duba lambar dB ɗinta, mai 88 da wat 25 za ta yi ƙarar da mai 85 sai da wat 50, in kana kan sola ko inbata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lambar PMPO kuwa, wat dubu kaza da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, kar ka ko kalle ta, lambar RMS ake dubawa, ita ce ke nuna wat ɗin da za ta iya ɗauka a kai a kai. In ka samu ta alminiyom daga kamfanin da ya san aikinsa kuma kunnenka ya yarda da ita ka ɗauka, ba haramun ba ce, sharaɗin dai a ji ta tukuna.

Ka tafi shagon da abin da kunnenka ya haddace, karatun wani alaramma da ka saba ji ko muryar mai labarai, da kiɗa ɗaya mai kalangu ko goge. Ka ce a kashe duk wani ƙarin bes da tirebul a mayar da su tsakiya, a rage murya daidai yadda za ka ji a gida da dare, don a ƙarar kasuwa kowace sifika jaruma ce. Ka saurari sin da shin da sad, in suna tsira maka kunne cikin minti biyar to a gida abin zai fi haka. Ka taka zuwa gefe ka tsuguna ka ji ko maganar tana nan. Sannan a kashe, ka buɗe yatsunka ka dafa kon ɗin wufa daidai ta kowane gefe ka tura a hankali, ya shiga ya dawo shiru ba gogayya, ita tuwita kuma kar ka taɓa ta ko kaɗan. In da hali ka haska tocilar waya ta ramin bes ka leƙa, kana neman ɗan allo mai koyil na waya aƙalla ɗaya ko biyu da kafasitoci, da auduga ko soso a bangon akwatin. In ta hannu ce ka ɗauki batirin rediyo mai bolt 1.5 ka taɓa wayoyin baya na ɗan lokaci, kan batirin a jan waya gindinsa a baƙa, kon ya kamata ya yo waje, kuma duka sifikun biyu su yi haka, don in mai gyara ya taɓa juya wayar ɗaya a ciki to bes ɗinsu cinye juna zai riƙa yi ko da kon ɗin na zinare ne.